Watandar kayan lambu na hunturu: shin firiza tana kashe ƙwayoyin cuta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta. Ina zaune a Bronx, a birnin New York, da maigidana da yara biyu. A watan Oktoba maƙwabciyata ta ja ni na shiga wani tsari da mu a tsakaninmu muke kira watandar hunturu. Ana biyan kuɗi tun gaba, su kuma su riƙa ba mu ledojin daskararrun kayan lambu da 'ya'yan itatuwa waɗanda aka noma a gonakin jihar nan, sau ɗaya a wata daga Disamba zuwa Maris. Akwai masara, koren wake, tattasai, markaɗaɗɗiyar kabewa, ganyen kel (wani ganye ne dangin kabeji), sitiroberi da buluberi.

Abu uku ke damuna. Ranar da na karɓo na wannan watan na biya gidan barka, ban koma gida ba sai bayan kamar awa uku, na tarar wasu ledojin sun saki, na mayar da su firiza haka nan. Na biyu, Hajiyar maigidana da ta zo mana daga Kano ta rantse ba za ta ci ba, wai da maganin gawa a ciki irin na kajin Kwatano, kuma wai babu sauran amfani a jikinsu. Na uku, kowace safiya ina markaɗa ganyen da sitiroberin da yogot a bilenda in sha ba tare da na dafa ba, ga shi ina da cikin wata biyar. Maƙwabciyar tawa ta ce in daina damuwa, ai sanyin firiza ya kashe komai. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah a taimaka mini.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, mafi yawan waɗanda suka yi abin da kika yi ba abin da ke samunsu. Sai dai a cikin damuwarki uku, wadda aka ce miki ki manta da ita, ita ce mai haɗari. Wadda ta fi tayar da ƙura a gidanki kuwa ita ce mafi sauƙi, don haka bari in fara sallamar ta.

Hajiya ba daga sama ta ɗauko maganarta ba. Duk wanda ya zauna a gida ya ji hukumar NAFDAC tana gargaɗi kan kajin da ake fasa-ƙwaurinsu ta kan iyakar Jamhuriyar Benin, waɗanda ke kwana da kwanaki a bayan mota ba sanyi, kuma ya ji zargin ana zuba musu sinadarin adana gawa. Wanda ya taso da wannan labari dole ya yi wa duk wani abu mai ƙanƙara kallon tuhuma. Amma kayan watandarki ba sa buƙatar wani magani, domin sanyin da kansa shi ne abin adanawar. Ki juya ledar ki karanta wa Hajiya abin da aka rubuta a wajen sinadaran da ke ciki. A irin waɗannan ledoji za ki ga kalma ɗaya ce tak: masara, ko wake, ko kabewa. Batun amfani kuma, a 2015 masu bincike a Jami'ar California da ke Davis sun gwada nau'i takwas na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, ɗanye da daskararre, suka samu bitamin ɗin sun yi kusan daidai, a wasu ma daskararren ya ɗara. Dalilin a bayyane yake. Ganyen da kike gani kore shar a kanti a watan Janairu ba a New York ya tsiro ba, don ƙasa a daskare take. Akasarinsa daga yankin Yuma na jihar Arizona ko California yake tahowa, tafiyar dubban kilomita, sannan ya zauna a kanti, sannan ya zauna a firjinki, bitamin C yana ta zurarewa. Naki kuwa an cire shi a kwarin Hudson da ke nan jihar New York lokacin da ya ƙosa, aka daskarar da shi ba da jimawa ba. Ana ɗan rasa wani abu wajen sulala shi kafin daskarewa, gaskiya ne, amma ba abin da zai sa a ce fanko ne. Ki yi wa Hajiya miyar taushe da kabewar nan da ganyen, ki bar tukunya ta yi miki gardama.

Ledojin da suka saki kuma, ƙa'idar ma'aikatar noma ta Amurka ba ta da wuyar riƙewa. In da sauran ƙanƙara a jikin abu, ko sanyinsa bai haura digiri 4 na Salshiyas ba, wato 40 a ma'aunin Faranhait da ake amfani da shi a nan, ana iya mayar da shi firiza. Zai yi laushi, ɗanɗano zai ragu, amma ba matsala. In ya narke sarai ya kuma zauna sama da awa biyu a wurin da ya fi haka ɗumi, na shara ne. To a ina jakarki ta yi awa ukun? In a but ɗin mota ta zauna cikin sanyin Janairu, da sauƙi. In kuwa a falon gidan barka ta zauna kusa da hita, kina can ana hira ana cin cincin, lissafin daban ne. Ki fito da ledojin ki matsa su. Masara ko waken da aka daskarar ɗai-ɗai ya kamata ya riƙa motsi a cikin leda kamar tsakuwa. Wadda kika ji ta dunƙule ta zama dutse guda, ga ruwa ya daskare a gindinta, ta narke ta sake kamawa. Wadda kika tuna ta zama ruwa-ruwa ba alamar sanyi, ki zubar, kar ki tsaya lissafin dala. Sauran ki ware su gefe, tukunya kaɗai za su shiga. Nan gaba kuma ki tafi da kula, wato akwatin riƙe sanyi, ki sa karɓar kayan ya zama aikinki na ƙarshe kafin gida.

Yanzu ga maganar maƙwabciyarki, wadda nake ji kusan kullum, daga bakin masu digiri da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba: wai firiza tana kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta kashewa. Wallahi da a ce zan iya sa a rubuta wannan a ƙofar kowace firiza da ke gidajen mutanenmu, da na yi. Abin da sanyin firiza na digiri 18 ƙasa da sifili a Salshiyas yake yi shi ne ya tsayar da su cik, ba sa ci, ba sa hayayyafa, amma suna nan da ransu. Kin san gaiwa, yadda take shigewa cikin laka in tafki ya ƙafe, ta yi watanni a busasshiyar ƙasa kamar matacciya, ruwan farko na sauka ta farfaɗo. Haka suke. Mu a ɗakin gwaji in muna son mu adana wata ƙwayar cuta shekara da shekaru don mu yi nazarinta, a firiza muke ajiye ta. Abin da masana ke amfani da shi don kar ƙwayar cuta ta mutu, shi ne maƙwabciyarki take ce miki maganinta ne.

Wadda ta fi shafar ki sunanta Listeriya. Tana zaune a ƙasa, a ruwa, a taki, saboda haka tana biyo kayan gona zuwa masana'anta, ta samu magudanar ruwa ko wani lungu na injin yanka ko bel ɗin da ke jan kaya ta yi gida, wani lokaci shekaru. Halinta da ya bambanta ta da sauran shi ne tana ci gaba da yaɗuwa a cikin firji, a sanyin da ke tsayar da yawancin 'yan'uwanta. Wato in kin cire leda daga firiza kin sa a firji ta kwana biyu tana narkewa a hankali, kin yi daidai ga wasu ƙwayoyin, ita kuwa kin shimfiɗa mata tabarma. Lafiyayyen babba zai iya cin ta ya yi ɗan gudawa ko ma bai ji komai ba. Mai juna biyu kuwa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce ta fi sauran mutane saurin kamuwa kamar sau goma, kuma masifar ita ce uwa na iya jin ɗan zazzaɓi da ciwon jiki kawai, alhali ƙwayar ta ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. Daga nan sai ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko a haifi jariri ba rai, ko a haife shi da cutar a jini.

Za ki ce ai an sulala kayan kafin a daskarar. An sulala, minti biyu ko uku a tafasasshen ruwa ko tururi, don a tsayar da sinadaran da ke sa ganye ya dushe ya canja ɗanɗano. Wannan yana rage ƙwayoyin cuta sosai, amma bayan sulalawar kayan suna bi ta ruwan sanyaya, su bi ta bel, su bi ta injin daskarewa, su bi ta injin ɗurawa a leda. A wannan tsakanin ake sake shafa musu. 'Ya'yan itatuwa irin sitiroberi kuwa ko sulalawar ba a yi musu, don za su dagargaje. Daga hannun mai tsinka sai wanki sai firiza sai bilendarki.

Ba tatsuniya nake ba ki ba. A 2016 wata masana'anta a garin Pasco na jihar Washington ta janye kaya sama da 350 masu tambari 42 daban-daban saboda Listeriya, har da waɗanda aka noma ba da takin zamani ba. Da aka bi sawun ƙwayar, sai aka ga tun 2013 take kwantar da mutane. A Turai, zuwa tsakiyar 2018 an ƙirga mutum 47 da suka kamu, 9 suka rasu, a Birtaniya, Finland, Sweden, Denmark da Austria, aka bi diddigi har wata masana'anta a Hungary mai daskarar da masara. Wasu daga cikin waɗanda suka kamu masarar suka ci ba tare da sun dafa ta ba. A ɓangaren 'ya'yan itatuwa kuma bairos ne ke ɓarna, shi da sanyi bai dame shi ba ko kaɗan. A 2012 kusan mutum 11,000 a gabashin Jamus, yawancinsu yaran makaranta, suka kama amai da gudawa daga daskararren sitiroberi da aka shigo da shi daga Sin. A 2013 a nan Amurka mutum 165 suka kamu da ciwon hanta nau'in A daga wani haɗin daskararrun 'ya'yan itatuwa mai ɗauke da rumman daga Turkiyya. Duk waɗannan kayan sun yi watanni a sanyin da ya kai na firizarki ko ya fi.

Na san amsar da za a ba ni, don ita ake ba ni kullum: ai waɗancan manyan kamfanoni ne, namu na gida ne, manominmu mun san shi, har hotonsa na jikin leda. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Gajeriyar hanya tana da amfani, hannu kaɗan ne ya taɓa kayan, kuma in an samu matsala nan da nan ake gano gonar da ranar. Shi ya sa nake ganin ƙimar irin wannan tsari, tun daga Winter Sun Farms da aka fara a New Paltz a 2006 har Locavorious a Ann Arbor ta jihar Michigan, waɗanda suka ɗauki tunanin nan na biyan manomi tun kafin girbi suka miƙa shi har cikin hunturu. Amma Listeriya ba ta san manomi mutumin kirki ba ne. Ƙasar kwarin Hudson ƙasa ce, magudanar ƙaramar masana'anta magudana ce. Kalmomin "na gida" da "ba takin zamani" suna gaya miki inda aka noma da yadda aka noma, ba sa ce miki komai kan abin da ke jikin bel ranar da aka ɗura ledarki.

Abin da ke ba ni haushi shi ne girkinmu na gado ba shi da wannan matsalar. Miyar taushe, miyar alayyafo, fate, dafa-duka, duk sai sun tafasa sun sake tafasa. Kakanninmu ba su san sunan wata ƙwayar cuta ba, amma ba sa sauke tukunya da wuri. Haɗarin ya shigo ne ta sababbin ɗabi'u. Ki leƙa kicin ranar suna ko walima a nan Bronx ki gani. An juye ledar masara da ta koren wake a roba, an tara musu ruwan famfo mai ɗumi har sun saki, an tsane a kwando, an zuba kan yankakken kabeji da karas, an kwaɓa da mayonis tun ƙarfe goma na safe, an rufe da leda an ajiye a kan tebur har la'asar. Masu jego da masu ciki da tsofaffi masu ciwon suga, su ne a layin farko da faranti. Ko soyayyiyar shinkafa, a kashe wuta sannan a watsa wake a kai don kar koren ya dushe, a ce tururi zai ƙarasa. Tururin bai ƙarasa komai ba, tsakiyar waken ko ɗumi bai yi ba.

Sannan ga malaman waya. Kowa ya sayi bilenda ya ɗora kyamara ya zama likitan abinci a TikTok. Wannan ya ce wuta tana kashe "rayayyen sinadari" don haka a sha komai ɗanye, wancan ya ce a jiƙa da ruwan khal da gishiri minti biyar an gama, wata ta ce lemon tsami yana wanke duk wata cuta. A turo a guruf ɗin WhatsApp na mata, kafin azahar ya zagaye Bronx da Harlem ya kai Kumasi. Ruwan khal yana ɗan rage wasu bakteriya a saman abu, amma ba ya taɓa bairos ɗin ciwon hanta da ya maƙale a ramukan jikin sitiroberi. Gishiri kuwa Listeriya tana jure shi fiye da yawancin ƙwayoyi. Ranar da mace ta rasa cikinta, mai bidiyon ba zai zo gaisuwa ba, ba zai ma sani ba, domin cutar tana iya ɗaukar makonni, har wata biyu, kafin ta bayyana, ba mai danganta ta da abin da aka sha da safe. Sai a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma amanar abin da ke cikinki a wuyanki take, ba a wuyan mai neman mabiya ba.

Hukumomi ma ba zan wanke su ba. Daskararrun kayan lambu a wurinsu abu ne da sai an dafa, amma gargaɗin a bayan leda yake da ƙananan haruffan da sai ka sa tabarau, a gaba kuma ga hoton salak mai sheƙi. Ranar ƙarewar aiki da kamfanoni suke bugawa a jikin kaya da manyan lambobi, wadda mutane ke zubar da abinci saboda ita, magana ce ta ɗanɗano kawai. In ban da madarar jarirai, dokar tarayya ba ta ma tilasta sa ta ba. An ƙawata abin da ba shi da haɗari, an ɓoye mai haɗarin.

Ga abin da za ki yi daga gobe da safe. Duk wani ganye, masara, wake ko tattasai daga firiza kai tsaye zuwa tukunya, ba sai an narkar ba, ya dahu har tsakiyarsa ta kai digiri 74, wato 165 a Faranhait, yana tururi ko'ina. In a maikurowef ne, ki rufe, ki tsaya ki juya a tsakiya, don yana barin wasu wurare da sanyi. In kina son masara a salak, ki dafa, ki sanyaya da sauri, sannan ki haɗa, a ci a ranar. Sitiroberi da buluberi, a nan Amurka ana ɗaukar su a matsayin abin ci kai tsaye, amma hukumar abinci ta Ireland ta daɗe tana cewa a tafasa waɗanda aka shigo da su na minti ɗaya. Ni dai ga mai ciki da wannan nake tafiya, ko daga ina suka fito. Ki zuba leda guda a ƙaramar tukunya, ta tafasa sosai minti ɗaya, ta huce, ki ɗura a kwanon ƙanƙara mai gida-gida ki mayar firiza. Ganyen kel ma haka. Da safe ki ɓallo biyu ko uku ki jefa a bilenda da yogot ɗinki, muddin na madarar da aka dafa ne. Abin shanki yana nan, launinsa ne kawai zai ɗan yi duhu. Ki sayi ɗan ma'aunin sanyi ki rataya a firiza, ba shi da tsada, ki tabbata yana nuna sifili a Faranhait. Firizar saman firji ta gidan haya sau da yawa ba ta kaiwa, musamman a jikin ƙofa.

Wanda kika riga kika sha kuwa, in ba ki jin komai, ba a yin gwaji, ba a ba da magani, sa ido kawai ake yi har wata biyu daga ranar ƙarshe. Amma ki faɗa wa likitarki ko ungozomarki a awo na gaba. In kika ji zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ciwon gaɓoɓi da kasala irin ta mura, ko kika ji motsin ciki ya ragu, ki kira asibiti a ranar, ki ce musu da bakinki kin sha ɗanyen daskararren ganye, kina so a duba Listeriya. Gwajin jini ne, maganin kuma sananne ne, ampisilin, yana aiki in an fara da wuri. Abin da nake roƙonki kar ki yi shi ne abin da mutanenmu suka saba: a ji zazzaɓi a ce maleriya ce, a buɗe akwatin Hajiya a ɗauko maganin da ta taho da shi daga Kano, a haɗa da farasitamol a kwanta. Ba sauron maleriya a Bronx a watan Janairu.

Watandar kuma kar ki fita, kin riga kin biya, kayan masu kyau ne, kuma kuɗinki ya taimaki manomin da in ba haka ba rarar amfaninsa na watan Agusta a gona zai ruɓe. Ranar karɓa ta gaba ki tambayi mai rabon a wace masana'anta ake ɗura kayan, ko suna gwada wurin aikinsu don Listeriya, da kuma ta yaya za su sanar da ke in an janye wani kaya. Ki tabbata suna da lambar wayarki ta yanzu. In kin juye leda a wani mazubi, ki yanke wurin da lambar rukunin take ki manna a jiki, don da ita ake gane kayan da aka janye.